KWANA NAWA ƘWAYAR CUTA KE YI A TURKE BAYAN DABBA TA TASHI?



Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a kara duk lokacin da ciwo ya faɗo cikin bisashe. Saniya mai ciwo ta kwana a turke, gari ya waye an kwance ta an tafi da ita, to wurin nan da ta kwanta ta yi kashi ta zubar da yawu, yaushe zai yi lafiya har a ɗaure wata? Wani ya ce yini guda na rana ya isa. Wani ya ce sai ruwan sama ya wanke. Kowannensu yana da gaskiya a kan wata cuta, ya kuma yi kuskure a kan wata. Mutanen da suka fi kowa biyan kuɗin sanin wannan amsa su ne masu kiwon wata ƴar dabba da ake kira minki, can Turai da Amurka ta Arewa. Mu ba mu da ita, ba kuma za mu saye ta ba, amma asarar da suka tafka ta sa likitocin dabbobi sun zauna sun ƙirga kwanakin, kuma lissafin ya shafi shanunmu.

Ita minki ba ta kai muzuru girma ba, mai dogon jiki da gajerun ƙafafu, dangin bodari ce da dage, har ɗoyin ma ta gado. Asalinta bakin kogunan Amurka ta Arewa, tana cin kifi da kwaɗi da ɓeraye. Don fatarta ake kiwonta, wadda ake ɗinka wa masu hali rigunan sanyi da ita, riga guda sai ta ci fata gommai. Tana haihuwa ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, wajen Nuwamba a kashe a feɗe. Kafin shekara ta 2020 ƙasar Danmak ce kan gaba a wannan sana'a a duniya, tana da minki wajen miliyan 17, alhali mutanen ƙasar duka ba su cika miliyan 6 ba. A wancan lokacin a birnin Kopenhagen ake gwanjon fatun, manyan masu saye kuwa daga ƙasar Sin suke zuwa.

Yadda ake ajiye su shi ne kan maganar. Kejin waya ne a jere, wannan manne da wancan, dubbai a ƙarƙashin dogayen rumfuna masu rufi a sama amma gefensu a buɗe. Kashi da fitsari suna zuba ƙasa ta ramukan wayar. Abincinsu kwaɓi ne na tarkacen kifi da kayan cikin kaji daga mahauta, ana ɗora shi bisa kejin dabbar ta riƙa ja ta ciki. To inda duk aka baza ɗanyen kifi a fili, ai ba a gayyatar tsuntsu da ƙuda da kyanwa, da kansu suke zuwa.

Yanzu sai mu dubi ita ƙwayar. Wadda muke magana a kai likitoci na ce mata birus, ƙanƙantarta ta wuce ganin ido, kuma ba ta iya hayayyafa sai cikin jikin mai rai. Da zarar ta fita waje ba ta ƙaruwa, jira kawai take yi, ko ta samu wani jiki ta shiga ko ta lalace. Kashi biyu ne. Akwai mai lulluɓi na kitse a jikinta, akwai wadda ba ta da shi, ƙoƙo ne kawai mai tauri. Mutum zai zaci mai lulluɓi ta fi juriya, ashe ita ce raguwa. Lulluɓin nan kamar man shanu yake, rana ta narka shi, sabulu ya wanke shi, bushewa ta tsattsage shi, kuma da ya tafi ƙwayar ba ta da hanyar shiga jikin dabba. Korona da murar tsuntsaye da bushiya duk wannan kashi ne. Maras lulluɓi kuwa sai ka ce ƙwallon goruba, ka jefar a bola, rani ya wuce damina ta wuce, ka dawo ka tarar da shi. Ciwon baki da ƙofato da ake kira boru yana cikin wannan kashi na biyu, ko da yake akwai waɗanda suka fi shi tauri nesa ba kusa ba.

Ɗaya daga cikinsu ita ce cutar Alushiya, tsohuwar abokiyar gabar masu minki. An ba ta wannan suna ne saboda a wani launin minki mai ruwan toka da ake kira haka aka fara lura da ita a Amurka, aka rubuta bayaninta a 1956. Ba ta kashewa da sauri. Dabba ta yi ta ramewa, tana yawan shan ruwa domin ƙoda ta taɓu, gashi ya lalace, haihuwa ta ragu, ƴaƴan su yi ta mutuwa. Tana fita ta yawu da fitsari da kashi da jini, uwa kuma tana ba ɗanta tun a ciki. Babu magani, babu allurar rigakafi da ta yi aiki har yau. Abin da ake yi shi ne a ɗebi jini a gwada, wadda aka samu da ita a kashe. Mutanen Danmak sun fara wannan aiki tun 1976, suka kwashe shekara arba'in da wani abu suna yi ba su ga ƙarshenta ba.

Dalili kuwa shi ne ƙwayar ba ta barin gida don an kwashe dabbobin. An gwada ta a zafin digiri 80 na rabin awa ta fita da ranta. A wani bincike da aka yi a Kanada sai da aka riƙe ta kwana uku cur a zafin digiri 65 kafin ta mutu, wato in ana son taki ya kashe ta sai an tula shi ya yi zafi daga ciki na kwanaki. Tana maƙalewa a tsatsar waya, a katakon akwatin haihuwa, a safar hannun da ake kama dabba da ita, a ƙasar da ke ƙarƙashin keji, ta yi watanni tana jira. An sha ganin mai gona ya kashe garkensa kaf, ya wanke, ya bar wurin fayau, ya ci bashi ya sayo sabon iri mai lafiya, bayan ɗan lokaci gwaji ya nuna cutar ta dawo. Wani lokaci ta hanyar minkin da suka tsere suka koma daji take dawowa. A 2015 zuwa 2016 kuwa da ta ɓarke a gonaki da yawa a Danmak, da aka bi sawu sai aka tarar yawancinsu wurin masu haɗa abinci iri ɗaya suke saye. Motar abinci ce ke zagawa gona gona, kowa yana murna da zuwanta.

Tana da ƴar'uwa mai sa zawo, wadda ta fara bayyana a 1947 a wani gari na Kanada da ake kira Fort William a lokacin. Ita ma tana iya shekara a akwatin da ba a wanke ba, har ta kama ƴaƴan baɗi. Sauƙinta dai ita tana da rigakafi.

To ga abin mamaki. Wadda ta rushe sana'ar a Danmak ba ɗaya daga cikin masu taurin nan ba ce, raguwar ce, korona. A gwajin da aka yi a 2020 cikin ɗaki, iyakarta kwana uku a kan ƙarfe ko roba, kwana ɗaya a kan kwali, a tsakar rana kuwa ba ta ko kusa da haka. Amma me za ta yi da dogon rai a waje, tunda daga hancin wannan zuwa hancin waccan bai fi taƙi guda ba? A watan Afrilu 2020 aka fara ganinta a gonakin minki na kudancin Holan, ma'aikata ne suka kai musu. Dabba ɗaya ta yi atishawa, rumfa duka ta ɗauka, ƙura da gashi suna tashi da ƙwayar a iskar rumfar. Daga nan ta juyo kan mutane. Cikin mutum 97 da aka gwada masu hulɗa da gonaki 16, an samu 66 sun kamu. Har kyanwoyin da ke yawo a gonakin an samu wasu da ita.

A Danmak ta shiga a watan Yuni ta arewacin ƙasar, kafin ƙarshen shekara ta taɓa gonaki 290. An samu alamarta a jikin ƙuda, har da ƙafar wani tsuntsun teku, an kuma lura gonar da ke kusa da mai ciwo da gonar da ta fi yawan dabbobi su suka fi kamuwa. Da likitoci suka ga ƙwayar ta sake kama a jikin minki ta koma wa mutum 12 da sabon fasali, sai tsoro ya shiga kada ta ɓata allurar da ake ta ƙoƙarin haɗawa. Ran 4 ga Nuwamba 2020 firaminista Mette Frederiksen ta ba da umurni a kashe minkin ƙasar baki ɗaya, mai ciwo da mai lafiya. Daga baya ta fito fili cewa a lokacin babu dokar da ta ba gwamnati ikon kashe masu lafiyar, har ministan noma Mogens Jensen ya ajiye aiki. An biya diyya, amma duk wanda ya taɓa tsayawa yana kallon garkensa na faɗuwa ya san irin da ka yi shekara talatin kana zaɓa ba ya dawowa da takardar banki. An hana kiwon har ƙarshen 2022, da aka buɗe ƙofa kuwa ƴan kaɗan ne suka koma. Holan ita ta rufe sana'ar ɗungurungum a farkon 2021.

Gawar ma ba ta bar su sun huta ba. Don gaggawa an haƙa dogayen ramuka a filayen soja kusa da garuruwan Holstebro da Karup aka binne wajen miliyan 4. Ramukan ba su yi zurfi ba, ƙasar kuma rairayi ce, da gawarwakin suka kumbura sai suka turo ƙasa suka fito fili. Ga shi ɗaya ramin kusa da tabki yake, ɗayan kusa da ruwan sha. Sai da aka jira wata shida, don a tabbata ƙwayar ta mutu, sa'an nan daga watan Mayu 2021 aka tone aka kai aka ƙone.

Ba a gama wannan ba sai murar tsuntsaye ta shigo. A watan Oktoba 2022 wata gona a yankin Galisiya na ƙasar Sipaniya, mai minki kusan 52,000, ta fara asara, mutuwa tana bin rumfa rumfa. Makonni kafin nan an yi ta tsintar matattun tsuntsayen teku a gaɓar yankin, rumfunan kuma a buɗe suke. Duka aka kashe su. A 2023 haka ta faru a gonaki da dama na ƙasar Finlan. Wannan ƙwaya mai lulluɓin kitse ce, amma sanyi da danshi suna riƙe ta. A kashin tsuntsu takan kai kwana 35 in sanyi ya kai digiri 4, a zafin digiri 37 kuwa wajen kwana 6, a ruwa mai sanyi ta fi haka daɗewa. Wannan mun ɗanɗana ta, don a watan Fabrairu 2006 ta bayyana a jihar Kaduna, watan bai ƙare ba aka tabbatar da ita a Magariya.

A da in an ce murar tsuntsaye sai mai shanu ya ce wannan ta masu kaji ce. A watan Maris 2024 aka tabbatar da ita a jikin shanun tatsa a jihar Tekzas ta Amurka, kafin a yi nisa cikin 2025 ta shiga garke fiye da dubu a jihohi 17. A hantsa take zama, madara ta yi kauri ta yi rawaya kamar dakashi. Ƙwayar tana wuce awa guda da rai a jikin robar injin tatsa, daga wannan saniya a sa wa waccan, a ɗanyar madara mai sanyi kuwa tana yin makonni. Kyanwoyin da suka sha madarar da yawa sun mutu. Dafa madara yana kashe ta. Daga jiha zuwa jiha kuwa a mota ta yi tafiya, cikin shanun da aka saya aka loda suna da kamar lafiya.

To bari mu dawo kan namu. Mu da muka tashi farkon shekarun 1980 mun ga ƙarshen bushiya, mun ga yadda take share garke. Duk da muninta ƙwayarta raguwa ce a waje, rana tana gamawa da ita cikin ɗan lokaci, sai saniya ta kusanci saniya take kamawa, wadda ta warke ba ta ɓoye ta a jiki, allura ɗaya kuma ta isa har mutuwa. Wannan ne ya sa aka ci ƙarfinta. An fara babban gangamin allura a ƙasashen tafkin Cadi a 1962, ta sake dawowa, aka sake tashi a 1986, ganinta na ƙarshe a Kenya ne a 2001, a 2011 aka yi shelar ta ƙare a duniya. Ciwon da ke kashe awaki da tumaki da zawo da majina ɗan'uwanta ne, halinsu ɗaya, shi ya sa ake sa ran gamawa da shi ma.

Boru ba haka yake ba, kuma mu muna raina shi don bai cika kashe babbar saniya ba. Ya dai rame maka sa ana gobe kasuwa, ya kashe maruƙa, ya ƙafar da nono, ya gurgunta shanun huɗa daidai faɗuwar damina. Ga lissafin da aka yi a ƙasashen Turai. A busasshen kashi lokacin zafi, kwana 14. A fitsari, har kwana 39. A bisa ƙasa, kwana 3 da zafi, kwana 28 in sanyi ya fara. A gashin saniya, mako huɗu. A ciyawa da tattaka da aka adana, har mako 20. A ruwan kashi da aka tara lokacin sanyi, wata shida. A tsokar nama yana mutuwa in nama ya kwana ya yi tsaminsa, amma cikin ɓargo da kaluluwa yana nan. Saniya tana iya fara zubar da ƙwayar kwanaki kaɗan kafin ƙurji ya fito, wato kai da mai saye kun duba baki kun duba ƙofato kun tafa, alhali ta riga ta shafa wa kwamin ruwa. Iri bakwai ne kuma, allurar wani ba ta tsare wani.

Turawan Ingila sun ga aikinsa a 2001. A wata mahauta aka fara gane shi cikin watan Fabrairu, kafin a hana zirga-zirgar dabbobi tumaki sun riga sun ratsa kasuwanni sun watsu ƙasar, domin tunkiya ba ta cika nuna alama ba. Dabba fiye da miliyan 6 aka kashe. A 2007 kuwa daga bututun ƙazanta da ya tsage a harabar binciken cututtuka ta Pirbright ya fita, aka yi ruwa mai yawa, taɓo ya ɗauka, tayoyin manyan motoci suka kai shi kusa da gonakin mutane. Ba dabbar da ta taka ƙafa ta kai shi.

Wani zai ce ai wannan lissafin ƙasar sanyi ne, mu ranar Afrilu kaɗai ta ishe mu magani. Akwai gaskiya a ciki, ni ma na yarda kwanakin sun fi haka gajarta a filin da rana ke duka tun safe har la'asar. Sai dai rana saman abu kawai take taɓawa. Kashin shanu ya bushe a sama, ka tona da sanda ka ga cikinsa ɗanye. Ba ta shiga ƙarƙashin rumfar kara, ba ta busar da caɓin bakin rijiya da mashaya, ba ta ratsa damin harawa da ke cikin ɗaki. Ga damina, ga kuma ɗari. Wanda ya fi damuna shi ne cikin babbar mota. Tirela ta sauke shanu a Legas ko Fatakwal, ta juyo, yashi da kashin lodin farko suna nan a daɓe, an ɗan watsa sabon yashi a kai, mu kuma mu biya kuɗi mu loda namu su yi kwana biyu suna shaƙa suna lasa. Igiyar da aka ɗaure bakin wancan sa ita za a ɗaure naka. Kwana 14 ɗin nan ko an raba shi biyu saboda zafinmu, motar ta riga ta je ta dawo.

Abin da masu minki suka gano bayan sun zubar da kuɗi a kan magungunan feshi shi ne magani ba ya ratsa ƙazanta. In ka zuba ruwan Jabel a kan kashi, kashin ne zai cinye ƙarfinsa, ƙwayar tana ƙasa lafiya lau. Sai an kankare, an share, an wanke da ruwa da sabulu, sa'an nan a sa magani a bar shi ya jima, a bar wurin ya bushe. Sabulu kaɗai yana isar masu lulluɓin kitse, boru kuwa bai damu da shi ba. Shi abin da ba ya jurewa tsami ne mai ƙarfi ko kuma soda, irin ta wanki, dangin kanwa, giram 40 cikin lita guda ta ruwa. Amma a zaɓi ɗaya, in an haɗa tsami da soda kowane yana kashe ƙarfin ɗan'uwansa, in kuwa aka haɗa tsami da Jabel hayaƙin da zai tashi yana iya kayar da mutum.

Dabbar da aka sayo kuma, ko daga hannun wa ta fito, boru yana iya ɓoyewa a jikinta daga kwana 2 har 14 kafin ya nuna. Mai kiwon turke da ke tara raguna ko bijimai don salla, in ya ware sabbin zuwa mako biyu, da kwaminsu daban da igiyarsu daban, yaron da ke ba su abinci kuma ya fara da tsofaffin gida ya ƙare da baƙi, ya wanke hannu da takalmi kafin ya koma, kuɗin da zai kashe bai kai na buhun dusa biyu ba. Ragowar harawar da mai ciwo ya ci ya bari kuwa a ƙone ta, kada a tura wa na kusa don ana jin zafin kuɗinta.